Ma'aunan Zaɓen Manhajar Sabunta Adireshin Uwar Garke a Tsarin DNS

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce fayyace ma'aunan da ya kamata a bi wajen zaɓen manhajar da ke sabunta adireshin uwar garke a cikin tsarin DNS. Abin da muke nufi da uwar garke shi ne kwamfutar da aka keɓe domin ta riƙa yi wa sauran kwamfutoci hidima, kamar wadda ke ɗauke da kundin littattafan laburare na Koha, ko darussan Moodle, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Makarantu da ƙananan ma'aikatu da dama sukan ajiye irin wannan na'ura a ofishinsu, su haɗa ta da layin intanet na gama-gari, wanda adireshinsa ba ya zama wuri ɗaya. Idan adireshin ya sauya, sunan da jama'a suka sani kuwa bai bi shi ba, to uwar garken tana nan a kunne, lafiyarta lau, amma babu mai iya kaiwa gare ta daga waje.

Manhajar da ke hana aukuwar haka 'yar ƙarama ce ƙwarai. A cikin wannan takarda za mu riƙa kiranta ɗan aike, domin aikinta ke nan: ta duba adireshin da uwar garke take da shi a yanzu, ta kai labarinsa ga mai riƙe da rijistar suna. Ra'ayin da muke so mu kafa shi ne, kusan kowane ɗan aike yakan yi aiki sosai a ranar da aka girka shi, saboda haka wannan rana ba ta isa shaida ba. Hausawa na cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Amincin ɗan aike yana bayyana ne sa'ad da wuta ta ɗauke, ko layi ya yanke, ko mai riƙe da rijista ya ƙi karɓar saƙo. A kan waɗannan lokuta ne muka gina ma'aunanmu.

2.0 SUNA DA ADIRESHI

Kafin mu tsunduma cikin ma'aunan, ya kyautu mu waiwayi tushen matsalar. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Tsarin adireshi na IPv4, wanda aka shimfiɗa ƙa'idarsa a takardar RFC 791 ta shekarar 1981, yana ba kowace na'ura lamba mai gaɓa huɗu, alal misali 203.0.113.7. A farkon zamani, sunayen kwamfutoci da lambobinsu duk a fayil guda suke, mai suna HOSTS.TXT, wanda ake ajiyewa a cibiyar bincike ta SRI a jihar Kalifoniya ta Amurka, kowa ya kwafa daga can. Da kwamfutoci suka yawaita, fayil ɗin ya gagari riƙo, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a shekarar 1983. Takardun RFC 1034 da 1035 na 1987 su ne ginshiƙin tsarin har wa yau. A taƙaice, DNS rijista ce da aka rarraba a tsakanin dubban na'urori, inda kowane suna yake da uwar garke mai iko da shi, wadda maganarta ita ce yanke hukunci a kan adireshin sunan.

Wannan tsari an gina shi ne bisa zaton cewa adireshi ba ya yawan sauyawa. To amma adireshin IPv4 guda 4,294,967,296 ne kacal, kuma a watan Fabrairu na 2011 hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar na duniya, cikinsu har da AFRINIC mai kula da Afirka. Tun kafin wannan lokaci kamfanonin sadarwa suka saba ba masu hulɗa da su adireshi a matsayin aro, ta hanyar DHCP ko PPPoE. Aron yana da wa'adi. In wa'adin ya cika, ko aka kashe na'urar rarraba intanet, watau rauta, aka sake kunna ta, ana iya ba mutum wata lamba dabam. A ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda ɗaukewar wutar lantarki da komawa kan janareta ba baƙon abu ba ne, rauta kan mutu ta tashi fiye da sau ɗaya a yini, kuma kowane tashi dama ce ta sauyin adireshi.

Akwai kuma abu guda da ya wajaba a fahimta, watau wa'adin amsa, wanda ake kira TTL. Duk amsar da DNS ya bayar tana zuwa da adadin daƙiƙoƙin da aka yarda a riƙe ta kafin a sake tambaya. Masu hidimar suna mai sauyawa sukan sa daƙiƙa 60. Idan ɗan aike yana dubawa kowace daƙiƙa 300, to mafi tsawon lokacin da suna zai yi yana nuna tsohon adireshi shi ne daƙiƙa 360, watau minti 6. In kuwa aka bar wa'adin a kan daƙiƙa 86,400, watau yini guda cur, to kome himmar ɗan aike, waɗansu mutane za su kwana suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta gidan ba.

3.0 HANYOYI BIYU NA KAI SAƘO

Hanya ta farko ita ce wadda ke cikin ƙa'idar DNS kanta. Takardar RFC 2136 ta 1997 ta ƙirƙiro saƙon sabuntawa wanda ake aikawa kai tsaye ga uwar garke mai iko da suna, a ce mata ta goge wannan adireshi ta rubuta wancan. Da yake bai kamata kowa da kowa ya iya yin haka ba, sai aka ƙara sa hannu na sirri mai suna TSIG a takardar RFC 2845 ta shekarar 2000, wadda RFC 8945 ta maye gurbinta a 2020. Umarnin nsupdate da ke zuwa tare da manhajar BIND shi ne sanannen mai aika irin wannan saƙo. Wannan hanya ta fi dacewa da ma'aikatar da ke riƙe da rijistar sunanta da kanta.

Hanya ta biyu ta taso ne daga kasuwa. Kamfanonin da ke ba da suna mai sauyawa, irin su Dyn da No-IP, sun shirya wata ƙofa wadda ɗan aike zai tuntuɓa ta hanyar HTTP, ya faɗi suna da sabon adireshi da kalmar sirri, a mayar masa da amsa cikin kalma ɗaya. Salon da Dyn ya fito da shi, wanda aka fi sani da dyndns2, ya bazu har masu hidima da yawa suka kwaikwaye shi. Waɗansu kuwa, kamar DuckDNS da Cloudflare, suna da nasu salon, inda ake amfani da mabuɗi na musamman a maimakon kalmar sirri. Abin lura a nan shi ne, ɗan aike da mai hidima tilas su yi magana da harshe ɗaya. Saboda haka mai hidima ake fara zaɓa, sa'an nan a nemi ɗan aiken da ya iya harshensa.

4.0 TAMBAYAR DA KE GABAN KOWANE ZAƁE

Akwai tambayar da in ba a amsa ta ba, duk wahalar da za a sha a banza ce. Tambayar ita ce: shin layin yana da adireshi na fili kuwa? Saboda ƙarancin lambobin IPv4, kamfanonin sadarwa da yawa, musamman na wayar salula, sukan tara masu hulɗa masu yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Takardar RFC 6598 ta 2012 ta keɓe lambobi daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 domin wannan aiki. Wannan ya shafe mu ainun, domin yawancin masu intanet a ƙasashenmu ta layin salula suke samunsa. Haka kuma Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, a bayan CGNAT yake ajiye masu ƙaramin tsarinsa ta fuskar IPv4.

Misalin wannan kamar mutumin da ke haya ne a babban gida mai ƙofa ɗaya, mai gadi kuwa yana barin kowa ya fita aike ya dawo da amsa, amma ba ya barin baƙo ya shiga. Ɗan aike zai kai adireshin babbar ƙofa, mai hidima ya karɓa, rijista ta nuna kome daidai, amma baƙo ba zai taɓa isa ɗakin ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A duba adireshin da rauta ta samu ta ɓangaren waje, a gwada shi da wanda shafukan gano adireshi suke nunawa. In sun yi daidai, layin na fili ne. In sun saɓa, ko kuma na rauta ya faɗa cikin lambobin da muka ambata, ko cikin lambobin cikin gida na RFC 1918, watau masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, to akwai wani shinge a gaba. In shingen na kamfani ne, mafita uku ce: a biya kuɗi a karɓi adireshi na fili, ko a koma kan IPv6 in layin yana da shi, ko a yi hayar ƙaramar uwar garke mai tsayayyen adireshi a haɗa ta da ta ofis ta hanyar rami irin na WireGuard. A wannan hali na uku ba a ma bukatar ɗan aike.

5.0 MA'AUNAN ZAƁE

5.1 Gano adireshi na gaskiya

Ɗan aike yana gano adireshi ta ɗayan hanyoyi uku: ya karanta daga katin sadarwar na'urar da yake kai, ko ya tambayi rauta, ko ya tambayi wata na'ura da ke waje ta gaya masa lambar da ta gan shi da ita. Uwar garken da ke bayan rauta ba ta san adireshinta na fili ba, abin da ta sani shi ne lamba irin 192.168.1.10. Ɗan aiken da ya ɗauki wannan lamba ya kai rijista ya yi ɓarna. Hanyar tambayar waje ta fi dacewa da irin wannan yanayi, amma ita ma tana da nata aibu. Idan na'urar da ake tambaya ta mutu, ko kamfanin sadarwa ya tare tambayar ya mayar da shafin sanarwar ƙarewar data, ɗan aike maras wayo yana iya tsintar duk lambar da ya gani a shafin, ko ya aika da saƙo babu lamba. Nagari shi ne wanda zai tantance amsar, ya tabbatar adireshi ne sahihi, in bai samu ba ya bar rijista yadda take har zagaye na gaba. In ana iya ba shi wurin tambaya fiye da ɗaya, wannan ƙarin daraja ce.

Ta fuskar IPv6 kuma akwai wani tarko. Na'ura ɗaya takan riƙe adireshi da yawa a lokaci guda, cikinsu har da na wucin gadi waɗanda ake sauyawa a kai a kai domin ɓoye sawun mai amfani, kamar yadda RFC 4941 ta 2007 ta tsara, RFC 8981 ta 2021 kuma ta sabunta. Uwar garke tsayayyen take bukata. Wajibi ne a tabbatar ɗan aike yana iya bambance su, kuma yana iya sabunta rijistar AAAA ta IPv6 tare da rijistar A ta IPv4, domin in aka gyara ɗaya aka bar ɗaya, rabin jama'a za su shiga, rabi su kasa, mai kula kuwa ya rasa gane dalili.

5.2 Yin shiru in babu labari

Ma'auni na biyu shi ne ɗan aike ya san bambancin dubawa da aikawa. Yana iya dubawa kowane minti 5, amma kada ya aika sai adireshi ya sauya. Ƙa'idar dyndns2 tana mayar da amsar "nochg" ga wanda ya kawo adireshin da tuni yake rubuce, kuma yawan samun wannan amsa laifi ne da ke iya sa a toshe sunan. Domin kauce wa haka, ɗan aike yana bukatar ya riƙa tuna adireshin ƙarshe da ya kai, kuma ya rubuta shi a faifai. Wanda ke riƙe shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi kaɗai zai manta duk sa'ad da wuta ta ɗauke, ya tashi ya sake aikawa. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa, wannan ɗan ƙaramin bambanci yana iya zama sanadin toshe suna.

Sai dai tunawa ita ma tana da haɗari. In wani ya gyara rijista da hannu, ko mai hidima ya dawo da tsohon bayani bayan wata matsala, ɗan aike zai ci gaba da zaton kome daidai ne alhali ba haka ba. Maganin wannan shi ne ya riƙa yin aike na tilas bayan wani tsawon lokaci ko da babu sauyi, ko kuma ya riƙa tambayar rijistar kanta ya gwada da abin da ya tuna.

5.3 Fahimtar amsa

A nan ne galibin 'yan gajerun rubuce-rubucen da ma'aikata ke haɗawa da kansu suke faɗuwa. Layi ɗaya na umarnin curl da aka ɗora a kan cron yana aika saƙo, amma ba ya sauraron abin da aka ce masa. Amsoshin dyndns2 kuwa kashi uku ne. Akwai na nasara, watau "good" da "nochg". Akwai waɗanda ke nuna kuskure daga ɓangaren mai aike, irin su "badauth" in kalmar sirri ba daidai ba ce, da "nohost" in babu sunan a asusun, da "abuse" in an toshe sunan. Idan aka samu ɗayan waɗannan, ƙa'ida ita ce ɗan aike ya dakata sarai har sai mutum ya zo ya gyara, domin maimaitawa ba ta ƙara kome sai laifi. Kashi na uku shi ne na matsala daga ɓangaren mai hidima, kamar "911", inda ake so a jira a sake gwadawa. No-IP ya ƙayyade kada a sake kafin minti 30. Ɗan aiken da ya haɗa kashi na biyu da na uku wuri ɗaya, ko dai ya dami mai hidima har a kore shi, ko ya yi zuciya ya daina aiki saboda matsalar da da kanta za ta wuce.

Bugu da ƙari, lalle ne kada ya rubuta sabon adireshi a matsayin wanda aka kai sai bayan ya ji amsar nasara. Wanda ya rubuta kafin amsa, in layi ya yanke a tsakiyar aike, ba zai sake gwadawa ba, sunan kuma ya zauna a kan tsohon adireshi har sai wani sauyi ya zo.

5.4 Tashi bayan faɗuwa

Sa'ad da wuta ta dawo, kwamfuta da rauta ba sa tashi tare. Sau da yawa uwar garke takan riga layi shiryawa. Ɗan aiken da ya gwada sau ɗaya, ya ga babu hanya, ya fita, ya bar aiki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, domin a wannan lokaci ne adireshi ya fi yiwuwar sauyawa. Ana so ya jure rashin layi ya ci gaba da gwadawa. A kan Linux mai amfani da systemd, ana iya sa shi ya jira network-online.target, a kuma umarci tsarin ya sake tayar da shi in ya mutu.

Akwai kuma batun agogo, wanda ba kasafai ake tuna shi ba. Ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi na kafin samfuri na 5 ba su da agogo mai batir, saboda haka sukan tashi da kwanan wata na ƙarya har sai sun daidaita ta hanyar NTP. Shaidar tsaro ta HTTPS tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, sa hannun TSIG ma yana ɗauke da lokaci, wanda bisa al'ada ba a yarda ya kauce da fiye da daƙiƙa 300 ba. Agogon da ya ɓata yana sa a ƙi saƙon farko. Ɗan aike mai sake gwadawa zai tsallake wannan, maras yi kuwa a nan zai tsaya.

5.5 Tsare sirri

Duk wanda ya mallaki kalmar sirrin sabunta suna yana iya karkatar da sunan zuwa na'urarsa, ɗalibai da malamai su riƙa zuba masa kalmominsu na sirri suna zaton shafin makaranta ne. A salon dyndns2, kalmar sirri tana tafiya ne cikin rubutun Base64, wanda sauya kama ne kawai, kowa na iya warware shi. Saboda haka tilas aike ya bi ta HTTPS, ɗan aike kuma ya tantance shaidar mai hidima. Tsofaffin fitowar ddclient ba sa yin haka sai an rubuta ssl=yes a fayil ɗin saiti. Fayil ɗin kansa a kulle shi yadda mai kula kaɗai ne zai iya karantawa. In mai hidima yana ba da mabuɗi mai iyakantaccen iko, wanda ba ya taɓa kome sai yanki ɗaya, a yi amfani da shi, kada a ajiye babbar kalmar sirrin asusu a kan na'urar da ke fuskantar duniya.

5.6 Rahoto da kulawa

Ma'auni na ƙarshe kashi biyu ne. Na farko, ɗan aike ya riƙa rubuta abin da ya yi da abin da aka amsa masa a kundin rahoto, kuma ya iya sanar da mutum in ya kasa. Na biyu, a duba ko manhajar tana da masu kula da ita. Masu hidima sukan sauya salon ƙofarsu, manhajar da aka yi watsi da ita kuwa ba za ta bi su ba. A duba ranar fitowa ta ƙarshe, a kuma lura cewa fitowar da ke cikin ma'ajiyar tsarin aiki takan kasance baya da ta masu manhajar.

6.0 'YAN AIKEN DA AKA FI SANI

Manhajar ddclient an rubuta ta da harshen Perl, tana jin harsunan masu hidima da yawa har da nsupdate, tana ajiye abin da ta tuna a fayil, tana kuma iya aika wasiƙa in ta kasa. Ƙarfinta yawan zaɓi ne, rauninta ma shi ne, domin saiti ɗaya da aka yi kuskurensa yana iya sa ta karanta adireshin cikin gida. Manhajar inadyn da harshen C aka rubuta ta, ƙarama ce, ta dace da na'ura mai ƙarancin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma manhajar da mai hidima ke bayarwa da kansa, kamar DUC ta No-IP, wadda ta san ƙa'idar maigidanta sosai amma ba ta yi wa wani aiki.

Sa'an nan akwai ɗan aiken da ke cikin rauta, kamar ddns-scripts na OpenWrt da wanda ke cikin pfSense. Wannan yana da wata fifiko ta asali, domin rauta ce ke karɓar adireshin, ita ce kuma ta fara sanin ya sauya, ba sai ta jira zagayen dubawa ba. Amma na cikin rautoci masu araha sau da yawa ba su da kundin rahoto, jerin masu hidimarsu a kulle yake, kuma in kamfani ya daina sabunta na'urar, shi ke nan. Abin da za mu gargaɗa a kai shi ne kada a kunna 'yan aike biyu a kan suna ɗaya, ɗaya a rauta ɗaya a uwar garke, domin ko dai su riƙa maimaita saƙo ɗaya har a toshe sunan, ko su riƙa goge aikin juna.

7.0 MAI HIDIMA DA MALLAKAR SUNA

Kome nagartar ɗan aike, bai fi gidan da yake kai wa saƙo ƙarfi ba, kuma tarihi ya nuna haka. A watan Mayu na 2014 Dyn ya rufe hidimarsa ta kyauta bayan shekaru da dama. A ranar 30 ga Yuni na wannan shekara, Microsoft, bisa umarnin wata kotu a jihar Nevada, ya karɓe yankunan suna fiye da 20 na No-IP, bisa dalilin cewa masu yaɗa mugayen manhajoji suna fakewa da su. Ɗimbin masu hulɗa da ba su ji ba su gani ba suka rasa hanyar na'urorinsu na 'yan kwanaki kafin a mayar da yankunan. Ranar 21 ga Oktoba, 2016, harin cunkoso na Mirai ya durƙusar da hidimar Dyn na sa'o'i, ya shafi manyan shafuka irin su Twitter da Netflix. A 2023 kuma Google ya sayar da sashensa na rijistar suna ga Squarespace, wanda bai ci gaba da hidimar suna mai sauyawa ba. Har ila yau, sunan kyauta na No-IP sai an tabbatar da shi kowane kwana 30, in ba haka ba a janye shi, sunan da aka saki kuwa wani na iya ɗauka.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, ma'aikata ta mallaki sunanta na kanta, alal misali a ƙarƙashin .ng wanda hukumar NiRA ke kula da shi, shi kaɗai ta bai wa jama'a. Sa'an nan ta yi amfani da rijistar CNAME ta nuna cewa wannan suna yana bin sunan da ke wurin mai hidima. Ranar da mai hidima ya rufe ko ya sauya sharuɗɗa, layi ɗaya za a gyara, ba sai an sake buga takardu ana sanar da ɗalibai sabon suna ba. Wannan kuma dalili ne na fifita ɗan aike mai jin harsuna da yawa.

8.0 GWAJI KAFIN DOGARO

Gani ya kori ji. Muna ba da shawarar gwaji biyar kafin a miƙa wa ɗan aike amana. Na ɗaya, a kashe rauta a kunna, a auna mintunan da suna ya ɗauka kafin ya nuna sabon adireshi, ta hanyar tambayar uwar garke mai iko kai tsaye da umarnin dig. Na biyu, a kashe wutar kome gaba ɗaya, a kunna uwar garke kafin rauta, a ga ko zai farfaɗo da kansa. Na uku, a cire waya na sa'a guda a mayar. Na huɗu, a sa kalmar sirri ta ƙarya da gangan, a ga ko zai dakata ya yi rahoto. Na biyar, a bar shi mako guda, a ƙirga yawan saƙon da ya aika a gwada da yawan sauyin adireshi. In saƙo ya fi sauyi yawa nesa, yana surutu.

Bayan wannan, a kafa mai sa ido daga waje, watau wata na'ura a wani layi dabam da za ta riƙa neman uwar garken da sunanta, ta yi ƙararrawa in ba ta same ta ba. Dalili kuwa shi ne, ɗan aiken da ya mutu ba ya kawo labarin mutuwarsa, kuma gwaji daga cikin ofis yana iya nuna kome lafiya alhali na waje ba sa shiga.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun nuna cewa zaɓen ɗan aike mataki ne na uku a jere. Da fari a tabbatar layi yana da adireshi na fili, sa'an nan a mallaki suna a zaɓi mai hidima, kana a zo kan manhaja. Mun kuma kawo ma'auni shida, watau gano adireshi na gaskiya, da yin shiru in babu sauyi, da fahimtar amsa, da tashi bayan faɗuwa, da tsare sirri, da rahoto tare da kulawa. A ganinmu, makarantar da ke da rauta mai OpenWrt ko pfSense ta bar aikin a kan rauta; wadda ba ta da ita ta ɗora ddclient ko makamancinsa a kan uwar garke; wadda ke riƙe da rijistarta kuwa ta bi hanyar RFC 2136 da TSIG. Inda hidimar ta kai matsayin da tsayawar minti 6 asara ce, kamar lokacin rijistar ɗalibai ko jarrabawa ta kwamfuta, to kuɗin tsayayyen adireshi ya fi araha. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman masu koyar da ilmin kwamfuta a kwalejojin ilmi, za su sa gwaje-gwajen nan biyar cikin aikin ɗakin gwaji na ɗalibansu, domin su ne za su riƙe waɗannan na'urori a makarantun da za a tura su.